An ba ni ciyaman amma kuɗin ƙungiya na asusun mutum ɗaya, ga ɗan takara na son yi mana rajista

Ɗan Rafindadi:

Assalamu alaikum iyaye da yayye da abokai na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zancen na da ɗan tsawo.

Muna da ƙungiyar matasa a unguwarmu nan cikin birnin Katsina, an ɗan jima da kafa ta, aikinmu dai na gayya ne, yasar kwalbati kafin ruwa ya sauka, nome ciyawar maƙabarta da cike kaburburan da suka rufta bayan damina, in taransifoma ta ƙone mu bi gida gida a yi karo-karo, da azumi kuma mu harhaɗa abun da ya sawwaƙa mu kai ma marayu. Tau bayan ƙaramar salla aka yi zaɓe, shi ne na farko tun da aka kafa ta, Allah ya sa aka ba ni ciyaman. Ranar har murna na yi, yanzu kau wallahi ko barcin kirki ba ni samu.

Wanda na gada shi ya kafa ƙungiyar, yayanmu ne a unguwa, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tsakani da Allah ya wahalta mata, da kuɗin aljihunshi aka sayi baro na farko. Ya ce ya sauka, ya yi mani addu'a gaban jama'a, amma har yau littafin sunayen membobi na wurinshi, baro da shebur da manjagara na zaurenshi, shi ne admin na gurup ɗin WhatsApp, in mai unguwa na neman ƙungiya shi yake kira, wani lokacin sai dai in ga an tsaida ranar aiki, ni ciyaman a gurup zan gani kamar kowa.

Ga kuma maganar kuɗi. Kuɗin wata ₦500 ne kowane mutum, kuma duk abun da aka tara, har gudummawar da 'yan unguwa mazauna Abuja da Kaduna ke turowa da azumi, asusun Opay na ma'ajinmu yake shiga, shi kuma sana'ar POS yake, da wannan asusun yake juya kuɗin kasuwarshi. Ban ce ya ci ko kwabo ba, abokina ne tun firamare, amma da na tambaye shi nawa ya rage sai ya ce "kai ma ka fara ko?" daga nan ya daina ɗaga mani waya. Mutane sun fara ƙorafi a bayan fage, wasu sun daina biya, a gurup mun fi mutum ɗari amma ranar mitin da ƙyar mu cika tabarma biyu.

Ana cikin haka wani mai neman takara a 2027 ya aiko, wai ya ga aikinmu a Facebook ya burge shi, zai biya mana kuɗin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, gaba ɗaya, ya buga mana riguna, ya ba mu baro goma, sharaɗin kawai a sa shi uban ƙungiya. Rabin shugabanni sun riga sun ce a karɓa, tsohon ciyaman ya ce kar a kuskura, ni ina tsakiya, in na ƙi a ce har yanzu shi ke juya ni, in na karɓa a ce daga hawana na saida ƙungiya. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan dan Allah da mi zan fara? Ita rajistar ma dole ce?

Tsohon Sakatare:

Wa alaikumus salam. Ƙanena Allah ya taya ka riƙo. Na yi sakatare a ƙungiyar unguwarmu wajen Ƙofar Ƙaura tun lokacin da ake rubuta takardar gayyata da hannu a bi gida gida, kuma abun da zan ce maka shi ne ka aje maganar ɗan takara da CAC gefe tukuna, ba su za su fara kashe maku ƙungiya ba. Asusun nan ne.

Mu nan abun da ke cin ƙungiyoyinmu kunya ce. Ba ka iya kallon abokinka na firamare ka ce kawo lissafi, ba ka iya kallon yayanka ka ce ba ni littafi, shi ma wanda ya daina biyan kuɗin wata ba zai miƙe a mitin ya ce ban gamsu da yadda ake riƙe kuɗi ba, sai dai ya zame shiru, in ka tare shi ya ce wallahi abubuwa ne suka yi mashi yawa. Tabarma biyun nan da kake gani amsar da suka ba ku ke nan. Shi kuma ma'ajin naku ina kyautata mashi zato ƙwarai, mai POS kuɗi na shiga na fita wuni guda, ba mamaki shi kanshi bai san nawa ne naku nawa ne nashi ba, tambayarka ta tsorata shi ne dan ba ya da amsa. Amma ka sani ranar da aka yi mashi alat na bogi ko jari ya karye, kuɗin marayu za su tafi tare da nashi, kuma ba mai yarda cewa tsautsayi ne.

Tau dabarar ita ce tambayar ta bar bakinka ta koma bakin doka. Ku zauna ku rubuta tsarin mulki, kar ku kwafo na wata babbar ƙungiya mai shafi talatin da Turancin da ba mai karantawa, shafi uku da Hausa ya isa, a karanta a mitin layi layi kowa ya ji, a ɗaga hannu, sannan a sa hannu. A faɗi wa'adin shugabanni shekara nawa ne, sau nawa mutum zai iya maimaitawa, mutum nawa ne in sun hallara mitin ya zauna, wanda ya yi wata uku bai biya ba minene hukuncinshi. Sai kuɗi, mai rubutawa daban mai riƙewa daban. Sakataren kuɗi shi ke da littafi da rasit, ma'aji shi ke kai banki, ba su zama mutum ɗaya kuma ba a son su fito gida ɗaya. Asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kai da sakatare da ma'aji, dole biyu su sa kafin kwabo ya fita, alat kuma ya riƙa zuwa wayar wani dattijo da ba ya cikin ukun, liman ko wani malamin makaranta da kowa ya yarda da shi. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin littafin a sa a gurup, ko ba a kashe komi ba, ko ₦3,000 ce kawai ta shigo. Kuma ka fara da kanka, in ka sayi ruwan leda ranar aiki ka rubuta a takarda mutum biyu su shaida. In ciyaman na kawo lissafin ruwan leda, ba wanda zai ce an wulaƙanta shi dan an ce ya kawo nashi.

Kuɗin baya ka bi su a hankali. Kar ka tada maganar a gurup, mutum ɗaya zai jefo habaici a wuni ana yi. Ka same shi gida bayan isha'i tare da mutum ɗaya da yake jin nauyi, ya ciro sitetimen ku zauna ku tsince abun da ya shigo da sunan ƙungiya, wanda aka tabbatar a rubuta, in ba ya da su a hannu a yanka mashi ya riƙa biya wata wata, wanda ya ɓace a lissafi ba hujja a yafe a rufe babin. Wasu za su ce an yi sassauci, bar su, gara ku yi asarar dubu ashirin da ku rasa shi da duk 'yan layinsu.

Inda ban yarda a yi sassauci ba, kuɗin da aka bayar dan marayu ba a taɓa su a gyara taransifoma ko a buga kalanda, ko da niyyar za a maida. Wanda ya turo daga Abuja da azumi wataƙila zakkarshi ce, masu cin zakka kuma su takwas ne a Suratut Tauba, kwalbati ba ya ciki. Shafinsu daban a littafi.

Kwamared:

Slm. Baba Sakatare da girmanka, maganar littafi da rasit na yarda, amma batun ɗan takarar nan da ka tsallake shi nake so in taɓa. Ciyaman ku karɓa kawai wlh, mi ye a ciki? Kuɗin nan ai namu ne ko ta ina suka biyo, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ke da ₦500 ta banza, yaron da ke tuƙa napep ɗin wani yana kai balas kullum ko mai gyaran waya da ke wuni bai yi ciniki ba shi za ka ce ya tara maka kuɗin CAC? Sai ku shekara uku kuna karo-karo ba ku ida ba. In kun ƙi karɓa ba gida zai maida kuɗin ba, ƙauraye zai kai ma su sha ƙwaya su dawo su ƙwace maku waya a lungu, ku masu yasar kwalbati ku tashi a tutar babu wai ku masu aƙida.

Kuma ni wannan tsoron siyasar da ake cusa ma matasa ban gane mashi ba. Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara tun Mayun 2018, ɗan shekara 25 na iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, tau daga ina ake son su fito in ba daga irin waɗannan ƙungiyoyin ba? Kullum a ce matasa su yi aikin gayya, manya su yi siyasa, mu ne shebur su ne kujera. Ku ci kuɗinshi ku sa rigarshi, ranar zaɓe kowa ya shiga ya dangwala ma wanda ranshi ke so, ba mai bin ka cikin akwati.

Sannan tsohon ciyaman da ya ce kar a kuskura, ka bincika da kyau, ba mamaki nashi ɗan takarar daban ne, mun san irin wannan.

Uwargida daga Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana ciyaman Allah ya yi maka jagora. Kwamared ka yi haƙuri ban bi ka ba, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Kai kana maganar ranar zaɓe, ni kuma watannin da ke kafin zaɓen nake ji. Wanda ya zama uban ƙungiya ba zai jira akwati ba, ranar da zai dawo daga sayen fom zai aiko a turo masa yara hamsin da rigunan nan su tarbe shi, wa zai ce a'a? Mu a nan Daura na ga ƙungiyar mata da muka sha wuya muka tayar, ta rabe gida biyu saboda kekunan ɗinki da atamfa mai hoton mutum, ba ma tsakanin jam'iyya da jam'iyya ba, a zaɓen fid da gwani na jam'iyya ɗaya, matan da ke zuwa sunan juna da bikin juna suka koma sai gaisuwar dole. Kuma attajirin unguwa da ke ba ku buhun gero duk azumi, in ba ɓangaren mutumin yake ba, daga ranar da ya ga hoton ɗan takarar a bayan rigunanku ya rufe hannu, ba zai gaya maku dalili ba.

Ban ce a kori mai alheri ba. In yana son taimako ya kawo baron a ƙofar gidan mai unguwa da rana tsaka, a rubuta a littafi, a yi masa godiya da addu'a, abokin takararsa ma in ya kawo shebur gobe a karɓa a wuri ɗaya da godiya iri ɗaya. Riga mai hoto da kujerar uban ƙungiya su ne babu. In ya ji haka ya fasa, to ka san ba kwalbatin ne ya burge shi ba.

Amma ni abin da ya tsaya mini a bayaninka daban ne, daga farko har ƙarshe ban ji mace ko ɗaya ba. Kuna kai wa marayu kaya, wa ke gaya muku gidan da za a kai? Namiji iyakarsa zaure. Mu ne muke shiga har tsakar gida, mu muka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba amma maigidan ya fito da farar riga a goge, da bazawarar da ke wankau a ɓoye ba ta son a sani. In ba ku da mata a tsarin nan to masu bakin roƙo ne ke cinye rabon masu kunya. Ba sai sun zauna tabarma ɗaya da ku bayan isha'i ba, wannan ba mai barin matarsa ko 'yarsa, a ba su ɓangarensu da shugabarsu su zauna ranar Asabar da hantsi a makarantar Islamiyya, ita shugabar ta kawo rahoto. Kuma ka gwada ka gani, matar da ta saba zubin adashi ba ta wasa da kuɗin wata.

Sai hotunan nan na Facebook, dan Allah ɗana. Ku ɗauki kwalbati, ku ɗauki bola kafin da bayan an kwashe, amma yaro maraya riƙe da ledar shinkafa ana haska masa waya a fuska, wannan ku bari. Zai girma, hoton na nan, 'yan ajinsu za su gani. Wanda ya ba da kuɗi yana son shaida a nuna masa littafi da sa hannun mai unguwa, kayan kuma a kai da magariba.

Rashin zuwa mitin ma ba duka kuɗi ba ne, wani sa'in tsawo ne, a kira ƙarfe huɗu a fara biyar da rabi, mutum uku su yi ta jawabi har a kira salla ba a yanke komai ba. Matashi in ka ce masa kai ke da layin nan, ga gida goma sha biyu, ranar Lahadi ka kawo sunayen masu zuwa aiki, zai zo, don an ba shi abin da in bai zo ba za a gane.

Mai Aiki da Ƙungiyoyi:

Salam. Malam ciyaman bari in amsa tambayarka ta ƙarshe tunda harkar da nake ciki ce. Rajista ba dole ba ce kafin ku taru ku yi aiki, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga. Amfanin ta CAC shi ne ƙungiya ta zama mutum a idon doka, ta mallaki fili da sunanta, ta buɗe asusu a babban banki, ta kai ƙara ko a kai ta, kuma masu ba da tallafi na ciki da na waje galibi ba su sauraren wanda ba ya da ita. In har yanzu aikinku shebur da karo-karo ne, takardar ƙaramar hukuma ta sashen da ke kula da walwalar jama'a, ko ta ma'aikatar matasa ta jiha, ta ishe ku a san da ku, da ita da tsarin mulkinku da rahoton mitin sai ku je bankin maikurofainans ku tambayi sharuɗɗansu na asusun ƙungiya.

Irin rajistar da ake yi ma ƙungiya irin taku ita ce ta amintattu, wato mutanen da za ku zaɓa su tsaya da sunan ƙungiya, tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 wadda ake ce ma CAMA. Za a nemi suna a ga ba mai irinshi, a kai tsarin mulki da rahoton taron da aka zaɓi amintattun, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ƙaramin yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta kama da zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Bayan takarda ta fito akwai lambar haraji, akwai rajistar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke tambaya, akwai rahoton shekara da dole a riƙa kai ma CAC, in ba a kai ba tara na taruwa. Da yawa suna buga takardar a firem su rataye a ofis su manta, sai ranar da aka samu mai son ba da tallafi a duba a ga ƙungiyar ba ta da rai a kwamfuta.

Tau ga inda nake so ka buɗe ido. Amintattun nan su ne ƙungiyar a wurin doka, ba ciyaman ba. Kai zaɓe na iya kawar da kai bayan shekara biyu, su kau sunansu na nan har sai an yi taro an yanke shawara an sake komawa CAC da jarida. Wanda ya ce kawo in biya in yi maku komi, lauyanshi ne zai cike fom, in ba ku lura ba sai takarda ta fito ku tarda yaranshi biyu ko uku a cikin amintattu, adireshin ofis kuma gidanshi, imel da lambar shiga shafin CAC na hannun lauyan. Daga nan ku ne baƙi. Ko wa zai biya, sunayen amintattu a mitin za a zaɓe su, a rubuta, kuma ku ga fom ɗin da idonku kafin a tura.

Kwamared kuma, sashe na 221 na tsarin mulki ya ce ba wata ƙungiya in ba jam'iyya ba da ke da ikon nema ma ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a yaƙin zaɓenshi. Na san ana yi kullum ba mai cewa komi, amma mai neman tallafin ilimi ko lafiya gobe ya sani masu bayarwa suna leƙa shafin Facebook. Kowane memba ya yi siyasarshi da sunanshi, wanda zai tsaya takara ya aje muƙaminshi na ƙungiya tukuna, ku sa wannan a rubuce.

Ku sa iyakar shekaru ma. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce matashi daga 15 zuwa 29, Tarayyar Afirka ta kai har 35, ku zaɓi wanda ya dace da ku, wanda ya haura ya koma majalisar dattawan ƙungiya, da kun yi haka tun farko da rabin rigimarka da yayanku ba ta taso ba. Kuma gwamnatin Dikko Radda na da shirin ci gaban al'umma a mazaɓu 361 na jihar nan da jami'ai a matakin mazaɓa, ku nemi na mazaɓarku ku gabatar da kanku, da kansila ma, a rubuce, ku riƙe kwafi.

Ɗan Rafindadi:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Sakatare, Mama, Malam, har Kwamared. Maganar amintattun nan wallahi ta tada mani hankali dan an riga an ce mu turo hotuna da lambar NIN ta mutum biyu kawai, wai sauran za a cike. Na ce a dakata. Ma'aji kuma zan same shi da kawunshi in sha Allah. Mama batun mata gaskiya ne ba mu da ko ɗaya, zan fara da malamar Islamiyyar unguwa. Abun da ya rage mani shi ne yayan namu, ta ina zan ɓullo mashi ba tare da an ce na yi butulci ba? Dan in ya yi fushi rabin masu fitowa aiki nashi ne.

Tsohon Sakatare:

Kar ka je karɓar komi a hannunshi, ka je ka ba shi. Mutumin da ya kafa abu da kuɗinshi ya sauka ba tare da an ja shi ba, a garin nan su nawa ne? Abun da ke damunshi bai san inda zai zauna ba yanzu, shi ya sa ya ci gaba da zama inda ya saba. Ka je gidanshi da sakatare da safe, ka ce Yaya za mu rubuta tsarin mulki kuma kai muke so ka jagoranci kwamitin, sannan muna so ka riƙe mana majalisar dattawa, sulhu da duba lissafin shekara da shirya zaɓe duk naku ne. Shi da kanshi zai rubuta cewa littafin membobi na hannun sakatare, sanarwa daga ciyaman take fitowa, kuma abun da ya rubuta da hannunshi zai ji nauyin take shi.

Baro da shebur ka bar su a zaurenshi, ina za ka kai su, kuna da sito ne? A dai ƙirga a rubuta, mai ɗauka ya sa hannu. Admin kuma ba sai an cire shi ba, ka ce ya ƙara ka da sakatare. Na mai unguwa ne mai muhimmanci, ka roƙe shi ya raka ka ya gabatar da kai da bakinshi ya ce ranka ya daɗe ga wanda za a riƙa kira yanzu, haka wurin liman, in hali ya yi har wurin dagaci. In ya yi maka wannan, ko ya tsaida ranar aiki sau ɗaya ko biyu bisa sabo ka kau da kai, ka kira shi gefe daga baya.

In duk an yi haka bai saki ba, sai ka dawo mu sake magana, amma ban zata ba.

Kwamared:

Tau na ji, amintattu a zaɓa a mitin, wannan kam Malam ya gama magana. Amma ciyaman baro goman nan dai kar ku bari ta wuce ku, ka je kasuwa ka tambayi kuɗin guda ɗaya yanzu ka ji.